Ruwan Da Na Dafa Wa Sagir

Salamu alaikum, 'ya'yana masu bin wannan shafi. Ni ce dai Iya Kulu ta Ɗorayi, mai wankan jego, wadda kuka saba jin asirin gidajen mutane daga bakinta. Na daɗe ina kwaso muku na wasu, in canza suna in zuba muku, kuna dariya kuna cewa Iya a ƙaro. To yau nawa na kawo, kuma ban canza sunan kowa ba.

Ina da jika, Halimatu Sa'adiya, 'yar ɗana na fari. Sunansa Lawal, rubutawa kawai na yi, bakina bai taɓa kiransa ba. Uwarta ta rasu tana da shekara uku, a ɗakina ta tashi, a kan gadona na ƙarfe take kwana har yau. Tana aiki a wani kamfanin leda a Sharada, ita ce cikin masu ɗaure ledoji ɗari-ɗari. Fara ce ba can ba, mai wushirya, mai taurin kai irin na kakanta marigayi.

Saurayinta Sagir ɗan wajen Ringim ne, yana aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Duk ranar da zai zo zance sai ya yi wanka biyu, ya juye turare rabin kwalba a jikin shaddarsa ruwan toka, amma tun daga zaure nake jiyo warin fata. Sai in leƙa in ce, "Angona, yau akuya nawa ka runguma kafin ka zo gare ni?"

Shi kuma ya durƙusa ya ce, "Iya, ai ke na zo gani. Ita waccan rakiya kawai take yi."

Ya miƙo min farin goro guda biyu a ƙulle cikin ganye. Bai taɓa zuwa hannu sake ba.

An sa rana, sati biyu bayan babbar Sallah. Lefe ya iso, akwati huɗu ruwan ƙasa, suna jere a kusurwar ɗakina an lulluɓe su da tsohon zanen gado. Na buɗe su ya fi sau goma in ba ta nan. Akwai wani leshi ruwan hoda mai duwatsu, har na gwada ɗan kwalinsa a gaban madubi, Allah na tuba.

Wata Talata da hantsi, dilolin fata suka zame daga motar ɗaga kaya suka sauka a bayan Sagir. Abokan aikinsa, saboda ƙauna, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, suka naɗe shi cikin adaidaita sahu kamar tabarma, aka yi ta faɗa ramukan hanyar Challawa da shi har asibitin ƙashi. Daga baya aka ce da a kan ƙyaure suka kwantar da shi a miƙe, ba a lanƙwasa bayan ba, da wataƙila abin bai kai haka ba. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarafa a ƙashin baya. Wata biyu ya yi a can. Aka sallamo shi zuwa ɗakin da yake haya a Ja'en, da keken guragu da robar fitsari. Daga cibiya zuwa ƙasa ba nasa ba ne.

Innarsa ta taso daga ƙauye ta tare a ɗakin tana jinya. Sa'adiya kuwa, kullum ta tashi aiki ƙarfe biyu, sai ta biya da filas ɗin ruwan zafi da kular abinci, ta zauna a bakin ƙofa a kan ƙaramar kujera har la'asar sakaliya.

Babanta direban babbar mota ne a Bompai. Ranar wata Asabar ya shigo ɗakina ya zauna a kan tabarma, ya ce a kira ta.

"Sa'adiya, kin san ina son yaron nan."

"Na sani, Baba."

"Amma aure ba zaman asibiti ba ne. Mutumin da sai an juya shi kamar waina, wa zai riƙe wani a cikinku?"

"Likita ya ce jijiyar ba ta tsinke duka ba, Baba. In aka danna cinyarsa ta hagu yana ji kaɗan."

"Likita ba shi zai aurar da 'ya ba." Ya kalli akwatunan. "Juma'a mai zuwa, in na sauko daga masallaci zan je da kaina. Babban yatsan ƙafarsa kawai nake so na ga ya motsa. In ya motsa, rana tana nan, ko a keke ne a ɗaura. In bai motsa ba, kayan nan su koma Ringim."

Na ce, "Kai yaro, yatsa kake sa wa rana?"

Ya ce, "Iya, ku yi haƙuri. Ku ma in da 'yarku ce haka za ku yi."

Ya tashi ya fita. Sa'adiya ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ninke hijabinta ta yi ta yi, ta warware, ta sake ninkewa.

A gidan hayar su Sagir akwai wata Sista Dorkas, 'yar Kafanchan, gajera mai gilashi. A asibitin ƙashi take aiki, ɓangaren masu motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. Don Allah kawai take shiga ɗakinsa da yamma ta lanƙwasa masa gwiwa ta miƙe, ta duba bayansa kar gyambon kwanciya ya kama shi. Ranar Lahadi na bi Sa'adiya dubiya na sami Sistar a can. Da ta ji sharaɗin yatsa sai ta cire gilashi.

"Mama, jijiyar laka ba ta san Juma'a ba fa. Wani wata shida, wani shekara da rabi. Wani kuma ba ta dawowa, ba zan ɓoye muku ba. Amma tasa akwai alama."

Na ce, "Ke Sista, ni na ga shanyewa kafin a haife ki. Maƙwabcinmu Malam Gwadabe, ɓarinsa na dama ya mutu, baki ya karkace. Ni na yi masa sati uku ina gasa shi da ruwan darbejiya. Yau ga shi can yana cin tuwo da hannunsa."

Ta yi dariya. "Mama, shi hawan jini ne ya buge shi, ciwonsa a ka yake, shi ya sa ya ɗauki gefe guda, hannu da ƙafa da baki. Kuma na san shi, wata huɗu yana zuwa wajenmu motsa hannun nan. Akwai wanda ke karyewa a wuya, shi hannu biyu da ƙafa biyu duk su tafi. Sagir a tsakiyar baya ne, kansa lafiya, hannunsa lafiya, hanyar saƙo ce ta lalace daga nan zuwa ƙasa. Saboda haka ku saurara da kyau, abin da ba a yi masa..."

A daidai nan matar ɗakin da ke kallon nasu ta kwarma ihu, wai ta ga hoton wata a wayar mijinta. 'Ya'yana, kun san ni. Ƙafata ce ta kai ni bakin taga, ban ma san na tashi ba. Na ji sunan yarinyar, na ji unguwarsu, na ji har kalar mayafinta. Da na dawo na zauna, Sista tana cewa, "To kun dai ji ko?" Inna da Sa'adiya suka ce sun ji. Ni ma na gyaɗa kai.

Ranar Talata da safe Sa'adiya ta shiga wanka ta bar wayarta a kan filo. Ba yau na fara ba, na san zanen da take buɗe ta da shi.

Sagir ya rubuta mata: "Tun asuba nake kallon yatsan nan ina roƙonsa. Ko kallona bai yi ba."

Ta ce: "Ka ce masa amarya ce ta aiko ka."

Ya ce: "Na faɗa masa. Ya ce shi bai ga lefe ba."

Ta sa masa fuskar dariya uku. Sai can ƙasa ya rubuta: "Sadiyata, in Juma'a ta zo bai motsa ba, kar ki yi wa Baba musu. Ni ma in ni ne shi..."

Ta ce: "Ka ƙarasa maganar nan ka gani in zan sake kawo maka miyar kuka."

Na ajiye wayar. Na zauna ina kallon akwatunan nan huɗu. Na ce a raina, Kulu, shekara arba'in kina tayar da matan da haihuwa ta kwantar. Macen da ba ta iya ɗaga ƙafa, kwana bakwai a hannunki take tashi ta yi daka. Ga Gwadabe. Yatsa ɗaya ne zai gagare ki?

Na san Innar Sagir duk Laraba tana fita ƙarfe takwas karɓo magani da sabuwar roba, ba ta dawowa sai azahar. Na san 'yan gidan rabi suna kamfani, rabi sun kwana aiki suna barci kamar gawa. Irin wannan sanin ai shi ne sana'ata ta biyu. Laraba da sassafe na karyo rassan darbejiya a ƙofar gidanmu, na cusa a buhu, na zumbula dogon hijabina baƙi, na hau adaidaita.

Na same shi a jingine da filo uku, da farar singileti, an rufa masa zanen Inna mai ɗorawa daga ƙugu. Ɗakin yana warin man zafi da sabulun wanki. Ya ga ganye ya washe baki.

"Iya, ni kuma yaushe na haihu?"

"Rufe min baki, mai jego. Jibi surukinka zai zo, ko ka manta?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Sista fa ta ce..." Ya kalli ƙafafunsa, sun rame sun yi fari kamar na wani. Ya ce, "Kina ganin zai yi?"

"Gwadabe da aka cire rai da shi fa?"

Ya daɗe yana kallon silin. Ya ce, "To bismilla, Iya."

Na hura gawayin Inna a bayan ƙofa, na ɗora babbar tukunyarta, na zuba ganye. Ruwa ya tafasa ya yi kore, ɗaki ya cika da tururi mai ɗaci. Na juye a baho. Na naɗe masa zanen zuwa gwiwa, na tsoma reshe na fara fyaɗawa a ƙwauri.

To a nan ne, 'ya'yana. Mu masu wankan jego ba mu da wani ma'auni sai bakin mai jego. In ta yi tsaki, ruwa bai yi ba. In ta ce wash, ya yi daidai. In ta kurma ihu ta kama hannunki, sai ki sirka. Hannuna kuwa ya daɗe da daina gaya min gaskiya, garwashi nake ɗauka da shi in kunna turare. Gwadabe da nake taƙama da shi, ihunsa har bakin titi ake ji, yana zagina da karkataccen baki, ina sirkawa.

Sagir bai yi ko tsaki ba.

"Ka ji?"

"Ban ji ba, Iya."

Na ƙaro daga tukunya. "Yanzu fa?"

"Ko kaɗan. Ƙara."

Na ce lallai sanyi ya yi nisa a jikin nan. Na jawo shi bakin gado, na ɗaga ƙafafun biyu na tsoma su cikin bahon har idon sawu, na riƙe. Ina riƙe da su ina ba shi labarin matar ɗakin can da hoton waya, yana dariya har da hawaye. Ban san minti nawa aka yi ba. Labarin dai ya ƙare, na fara wani.

Da na fito da su sun yi ja wur, fatar ta yi laushi ta tattare. Na ce, "Ka ga jini ya sauko." Na shafe su da man kaɗanya, na sa masa safa, na rufe da zane. Na wanke tukunya, na zubar da ruwa a kwata, na kwashe ganye a buhu, na share ɗaki tas. Na ce masa, "Kar ka gaya wa kowa. Jibi in yatsa ya motsa, sai mu ba su mamaki, har da Sistar taka."

Ya ce, "Iya, in ya motsa, leshin nan ruwan hoda naki ne."

Na ce, "Wa ya gaya maka na san da shi?"

Na koma gida ina jin kaina kamar wadda ta dawo daga Makka.

Ƙarfe biyu da rabi Sa'adiya ta biya kamar kullum da filas ɗinta. Inna ta shiga banɗaki, ta bar su su biyu na ɗan lokaci. Da la'asar sakaliya, bayan ta tafi, Sista Dorkas ta shigo motsa masa gwiwa. Ta ja safar, fata ta biyo safa.

An ce sai da ta zauna a ƙasa. An ce ta yi ta maimaitawa, "Na faɗa muku, ranar Lahadi na faɗa muku! Ba ruwan zafi, ba garwashi kusa, ko kofin shayi kar a ɗora masa a cinya. Ba ya ji! Zai dahu bai sani ba!" Maganar da ta yi ke nan ina bakin taga.

Kafin magariba an mayar da shi asibiti. Ƙunar ta ci har nama, ƙafa biyu. Likita ya ce sai an yanko fata daga cinya an lika, kuma jikin da jijiyarsa ta taɓu ba ya saurin haɗe ciwo. Motsa gaɓoɓin da ake yi masa an dakatar, sai abin da hali ya yi. Sista ta ce watannin nan na farko su ne masu tsada, su ne ake kokawa da jijiya a cikinsu, ga shi za su tafi a jinyar ƙuna. Washegari zazzaɓi ya rufe shi.

Inna kuwa lissafinta gajere ne. Wa ke shigowa da ruwan zafi kullum? Wa aka bari da shi su biyu? Ranar Alhamis a barandar asibiti, gaban masu jinya da masu sayar da ayaba, ta nuna Sa'adiya da yatsa.

"In kin gaji ai sai ki ce kin gaji! Ubanki ya sa mana rana, ke kuma kika zo ki ƙarasa shi don kar yatsan ya motsa ki maƙale da gurgu. Me ya yi miki? Me ɗana ya yi miki?"

Sa'adiya ta ce, "Inna, wallahi shayi kawai na haɗa masa."

"Shayi a ƙafa?"

Ina tsaye a wajen, carbi a hannuna. Bakin nan nawa da bai taɓa riƙe maganar kowa ta kwana ba, ranar ya riƙe tawa. Aka shiga aka tambayi Sagir. Ya juya fuska bango ya ce shi barci yake, bai san komai ba. Aka sake tambaya, ya ce a ƙyale shi. Da na leƙa ta ƙofa idonmu ya haɗu, sai ya ɗan girgiza min kai, wai kar in yi magana. Yana ganin rufa min asiri yake yi. Bai san abin da ake faɗa wa yarinyar a baranda ba, ni kuma na sani.

Juma'a babanta ya sauko daga masallaci ya wuce asibiti, da farar shaddarsa da hula zanna. Ya tsaya a ƙarshen gado. Babu yatsan da za a kalla, duk an naɗe su da bandeji kamar ƙullin alkaki. Ya yi addu'a ya shafa, ya fito. Inna ta tare shi ta maimaita masa abin da ta faɗa jiya, ta ƙara da cewa ko yatsa ya motsa, ɗanta ba zai zauna da wadda ta dafa shi ba.

Ya dawo gida idonsa ja. Ya ce, "Iya, gobe a fito da akwatunan nan. An ce 'yata ta ƙona mutum. Ko ƙarya ne, ta bi ta ke nan a garin nan."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya kyauta."

Yau Asabar. Da safe wayarta ta yi ƙara tana tsakar gida, na duba. Sagir ne, da alama zazzaɓin ya ɗan sake shi.

"Sadiyata, na ji abin da Inna ta ce. Na rantse mata ba ke ba ce, ta ce in faɗi wane ne, na kasa. Ki bi maganar Baba. Na yafe miki alkawari. Ki gaida Iya, ki ce mata kar ta damu."

Ta shigo ta karanta a tsaye. Ta karanta ƙarshen sau biyu, na ga leɓenta yana motsi. Ta sa hijabinta ruwan ƙasa, ta ce za ta Ja'en ta kwaso kulolinmu da filas tunda Inna tana asibiti, Sista ce ke riƙe da makulli.

Tana fita 'yan ɗaukar kaya suka zo da kura. Akwati huɗu, ɗaya bayan ɗaya. Wajen da suka tashi ya bar sawu huɗu a kan leda, fes, babu ƙura. Na zauna ina kallonsu, na ɗauko wayata na fara rubuta muku wannan, don ku ne kaɗai na iya gaya wa, ku da ba kwa ganin fuskata.

Ban kai ƙarshe ba na ji sallamarta. Ta ajiye kuloli a bakin ƙofa. Ba ta cire hijabi ba. Ta zo ta durƙusa a gabana kamar mai gaisuwa, ta buɗe tafin hannunta, ta ɗora min abu a kan cinya.

Ganyen darbejiya ne guda uku a jikin ɗan tsinke, dafaffe, ya bushe ya yi baƙi.

Ta ce, "A ƙarƙashin gadonsa na gani, can jikin bango inda tsintsiya ba ta kaiwa. Babu darbejiya a layinsu, Iya. Na bi layin har ƙarshe ina dubawa."

Ta ɗago ta kalle ni da idon nan da na wanke ranar da aka haife ta.

"Iya, ina kika je ranar Laraba?"